Keke Mai Fitila A Kalmalo

A watan Maris na 2020 aka rufe makarantun Nijeriya saboda annobar korona. Mutanen Kalmalo kuwa abin ya zame musu biyu, gama tun Agustan 2019 iyakar Illela da Birnin Ƙonni take rufe, ba a buɗe ta ba sai Disamban 2020. Ciniki ya tsaya, yara suna zaune, zukata duk sun ɓaci.

Cikin wannan hali waɗansu ɗalibanmu na can suka aiko mana da hotuna masu ban sha'awa. Ga yadda suka yi. Bayan lisha sai a kife keke, a ɗaura 'yan fitilu masu batir a wayoyin ƙafarsa, a juya ta. Mai ɗaukan hoto ya kafa na'urarsa bisa turmi don kada ta motsa, ya bar idonta buɗe kamar daƙiƙa biyar. Duk inda haske ya bi sai ya bar sawu, hoto ya fito da zobba ja da kore, watau kamar yadda yaro ke wulwula bakin wuta cikin duhu.

Mutum biyu sun isa wannan aiki, ba sai an taru ba. Lalle mun so malamai su sa shi cikin darasin haske, ko da yake ba kowace waya ke iya barin ido buɗe haka ba.