Amarya, Wutarki Ce Ta Yi Yawa



Kwanakin baya wata ƙanwata amarya ta zo mini ido ya yi ja. Wai dangin miji ne suka zo ganin ɗaki, maigida ya sayo cinyar akuya, ita kuma ta zage ta yi farfesu. Ƙamshi dai har maƙwabta, amma da surukarta ta ɗauki tsoka guda sai da ta yi ta ja kamar ƙirgi, daga ƙarshe ta ajiye ta shanye romon kawai. Na ce, "Minti nawa kika ba shi a wuta?" Ta ce, "Yaya, minti 40, kuma wallahi wuta na sake masa sosai." Na ce to ai nan gizo ke saƙar.

Ki sani akuya dabba ce mai yawo, ga ƙarancin kitse, shi ya sa namanta ke da jijiya. Wuta mai ƙarfi ɗaure tsoka take yi ta matse ruwan jikinta. Ƙaramar wuta kuwa ita ke narkar da jijiyar a hankali ta koma romo mai kauri, irin wanda ke daskarewa idan ya kwana.

Gyaran daga wurin mahauci yake farawa. Ki ce a ba ki na 'yar matashiyar akuya ko na taure, don tsohon bunsuru ga tauri ga wari. In farfesu ko miya za ki yi, wuya da kafaɗa da haƙarƙari sun fi daɗi. In kuma a gida aka yanka, kada ki yi rawar jikin ɗorawa, domin nama yakan sandare bayan yanka. Ki sa shi a firji ya kwana, zai saki.

Wajen yanka, ki duba yadda zaren tsokar ya kwanta ki yanke shi a gicciye. Sai ki jajjaga ɗanyar citta da tafarnuwa da albasa ki cuɗe naman, ki rufe kamar awa 1. Ɗanyar citta da kanta tana sa laushi. In kin ga akuyar ta manyanta, ki kankare ɗanyar gwanda cokali 1 ki haɗa a kilo guda, amma kada ya wuce minti 30, in ba haka ba naman zai dagargaje.

Ki juye a tukunya mai kauri da kanunfari da masoro da gishiri, ki rufe ba ruwa, ya fara dahuwa da ruwan jikinsa kamar minti 15. Daga nan ki zuba ruwan zafi daidai kan naman, ki rage wuta ta koma yana ɗan ɓararraka kawai. A murhu ne, ki janye itace ki bar garwashi. Ki ba shi awa ɗaya da rabi zuwa 2, ban da yawan buɗe-buɗe. Idan kika soka cokali mai yatsu ya shige ba gardama, to ya yi. In soyawa za ki yi, da ya yi ja ki kwashe.

Sai jan kunne. Na ji wasu na jefa ƙwayar farasitamol a tukunya wai don nama ya yi saurin dahuwa. Don Allah kul! Magani ba kayan miya ba ne, kuma yawansa yana lalata hanta. Kanwa ma in ta yi yawa ɓata ɗanɗano take yi.

Ita ƙanwar tawa, da surukarta ta sake zuwa tun hantsi ta ɗora tukunya. Tsohuwa ta ci ta suɗe ƙashi, har ta ce a zuba mata saura a kwano ta kai wa Malam. Dama ai Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa, balle akuya.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.