Yadda Ake Ɗaukar Hoton Ruwan Furanni a Bikin Aure

Ina so in yi bayani kan wata al'ada ta mutanen Ingila. Idan ango da amarya suka fito daga coci, sai jama'a su watsa musu ƙananan takardu masu launi ko busassun furanni. Sunan abin kwanfeti, kalmar kuwa daga Italiyanci take. Cikin 'yan daƙiƙoƙi ake gamawa, in mai hoto ya yi sakaci, ya rasa ke nan.

A ganina, sirrin yana ga shiri. Da farko ya jera baƙi sahu biyu, kowa ya cika hannunsa. Ya gargaɗe su su watsa sama, kada su nufi fuska, don kada ma'aurata su runtse ido. Manyan furanni sun fi, domin a hankali suke saukowa. Ma'aurata su taka sannu, kai a ɗage. Kyamara kuma a saita ta kan kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa, kada hoton ya yi dishi-dishi.

Masu ɗaukar hoton liƙi a bukukuwanmu ma za su amfana da wannan dabara. Tun ran gini, tun ran zane.