Kwancin kaza: abin da ke gaskiya da abin da ba haka ba

Daga unguwar Birni zuwa Zango a Damagaram, har ƙauyukan Mirya da Magarya, gida kaɗan ne babu akurki, kuma maganganu a kan kaza mai kwanci sun yi yawa. Wasu gaskiya ne, wasu kuwa suna jawo asarar ƙwai, wani lokaci har da kazar.

Na farko, cewa kazar da ta lafe a gurbi ba ta da lafiya. Ba haka ba ne. Kwanci halitta ce: wani sinadari mai suna furolaktin ne ke ƙaruwa a jikinta, sai ta daina saka ƙwai, ta fige gashin ƙirjinta don ɗumi ya isa ga ƙwan. In ka kai hannu za ta kumbura ta kai maka sara, idonta garau, kuma takan sauka ta ci ta sha ta koma. Mai ciwo kuwa tana gyangyaɗi, fukafukai a sake, da zawo ko wahalar numfashi. Wannan bambanci ba abin wasa ba ne a yankin da aka tabbatar da murar tsuntsaye a Magarya cikin Fabrairun 2006. In kaji suna mutuwa a jere, a nemi likitan dabbobi, kada a kwashe su zuwa kasuwar Dole ta Damagaram.

Ana kuma cewa sai da zakara kaza ke kwanci. A'a. Tana saka ƙwai, tana kwanci, ko babu shi. Ƙyanƙyasa ce ba ta yiwuwa sai da zakara, shi ya sa wadda ta kwanta kan ƙwan da ba a barbara ba za ta rame a banza.

Batun sa wa kaza ƙwan zabi gaskiya ne, kuma hikima ce ta iyayenmu mata. Zabuwa takan zuba ƙwai da damina a cikin ciyawa, ba ta cika natsuwa da reno ba, kaza kuwa uwa ce ta gari. Sai dai ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na zabi 26 zuwa 28. In an haɗa su rana ɗaya, da 'yan tsakinta sun fito za ta tashi ta bar sauran su zama baragurbi. A fara sa na zabi, a ƙara nata bayan mako guda. Kada kuma a tara mata fiye da abin da jikinta zai rufe.

Tsawa ba ta kashe ɗan tsako a cikin ƙwai, taɓa ƙwai da hannu mai tsabta ma ba ya sa kaza ta guje shi. Abin da ke ɓata gurbi da damina shi ne jiƙewa da ƙuma, da bazara kuma zafi. Ƙwai na son ɗumi kusan digiri 38, alhali a Afrilu da Mayu zafin Damagaram kan haura 40. Gurbi a ƙarƙashin rufin kwano hatsari ne. A kai shi inuwa, a ajiye ruwa kusa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake hana kaza kwanci. Wasu su soka mata gashi a hanci, wasu su ɗaure ta da yunwa, wasu su tsoma ta a ruwa ko da hunturu ne. Azaba ce, kuma kazar da ta wahala ba ta saurin komawa saka. Akwai ƙamshin gaskiya a batun ruwan, domin sanyaya ƙirji na rage kwanci, amma iska ma tana yin aikin. A kwashe ƙwan, a sa ta a kejin da aka ɗaga daga ƙasa, wuri mai haske, babu shimfiɗa, da gero da dusa da ruwa a gabanta. Yawanci kwana 3 zuwa 5 sun isa. In an sake ta ta koma gurbi, a ƙara mata kwana biyu.