Me ke sa sandunan makamashin nukiliya su tsage?

Tun shekarar 2004 Najeriya ke da tukunyar nukiliya guda ɗaya tilo, a Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ƙarama ce, ƙirar ƙasar Sin, ƙarfinta kilowat 34 ne kacal, kuma bincike ake yi da ita, ba ta ba da wutar lantarki. Sai dai kamar manyan tashoshin Faransa da Amurka, ruwa ne ke sanyaya ta, kuma lafiyarta ta dogara ne a kan sandunan makamashin da ke cikinta.

Kowace sanda siririn bututu ne na ƙarfen zirkoniyam da aka cika da ƙwayoyin yuraniyam aka toshe bakinsa. A manyan tashoshi tsawonta ya kai mita 4, amma kaurin bangonta bai kai milimita 1 ba. Wannan bango shi ne shingen farko tsakanin gubar nukiliya da ruwa.

Abin mamaki, ba babban haɗari ne ya fi huda shi ba. Ruwan da ke gudu da ƙarfi yakan girgiza sanda, ta yi ta gogar maƙalarta wata da watanni har ta huje. Wani lokaci kuma guntun waya ne da ma'aikaci ya bari a lokacin gyara, ruwa ya kwaso shi ya maƙale, ya yi ta cin bangon. Akwai tsatsa da dattin da ke taruwa idan sinadaran ruwa suka gurɓace, akwai kuma gaggawar ƙara wuta, wadda kan sa ƙwayoyin su kumbura su tsaga bututun daga ciki.

Da zarar sanda ta huje, sinadarin ayodin da iskar zenon kan bayyana a cikin ruwan, shi ya sa ake yawan auna shi. Rigakafin kuwa ya haɗa da sanya matata a gindin sandunan, ƙidaya duk kayan aikin da aka shiga da su wurin gyara, da ƙara wuta sannu a hankali.

Mafi muni shi ne yankewar ruwa. Idan zafi ya haura digiri 1,200, zirkoniyam kan haɗu da tururi ya haifar da iskar haidirojin mai fashewa, kamar yadda aka gani a Fukushima ta Japan a 2011.

Tukunyar Zariya ba ta da zafin da ya kusanci na waɗannan tashoshi, don haka tsabtar ruwa ce babban abin lura a can. A 2018 aka sauya mata sanduna masu bangon alminiyam da na zirkoniyam, aka rage ƙarfin yuraniyam daga kashi 90 cikin 100 zuwa kashi 13, aka mayar da tsohon makamashin ƙasar Sin.