Halartar Zuciya a Gaban Akushi

Cin abinci da natsuwa, wato mutum ya tattara hankalinsa kan abin da yake ci, ya lura da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa da yadda cikinsa ke karɓarsa, ya samu gindin zama a asibitocin Amurka ta hannun Jon Kabat-Zinn, wanda ya kafa shirin rage damuwa a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts a 1979. A cikin shirin akan ba mai koyo busasshen inabi ƙwaya ɗaya, a umarce shi ya dube ta, ya shinshina ta, sannan ya tauna ta sannu a hankali. Tsarin ya samo asali ne daga zuzzurfan tunanin mabiya addinin Buddha, amma batun ba baƙo ba ne ga wanda ya zauna gaban malami a zaure.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya buɗe rubu'i na biyu na littafinsa Ihya'u Ulumiddin, wanda ya shafi al'amuran yau da kullum, da littafi kan ladubban cin abinci, ya gabatar da shi a kan na aure da na neman halali, domin a ganinsa ilimi da ibada ba sa tsayuwa sai da lafiyar jiki, ita kuwa ba ta samuwa sai da abinci gwargwadon buƙata. Ya yi nasiha da kada a miƙa hannu sai da yunwa, a ƙanƙanta loma, a tauna ta sosai, kada a ɗauki wata kafin a haɗiye ta farko, a kuma janye hannu tun ba a ƙoshi ba. Wannan ya yi daidai da hadisin da Tirmizi ya ruwaito, wanda ya kasa ciki kashi uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Likitoci ma sun nuna cewa saƙon ƙoshi yakan ɗauki kimanin minti 20 kafin ya tabbata a ƙwaƙwalwa, shi ya sa mai zuba loma da gaggawa kan zarce buƙatarsa tun jikinsa bai sanar da shi ba.

Wanke hannu da bisimilla da ci da dama da tsayawa kan abin da ke gabanka, waɗanda ake koya wa yaro a gefen akushin tuwo, duk hanyoyi ne na dawo da zuciya wurin da hannu yake, kuma suna zama ɓawo marar ƙwaya idan ana yin su ido na kan waya. Abin ya fi ciwo a watan azumi, lokacin da jiki ya yini yana koyon bambanci tsakanin yunwa da kwaɗayi, sannan a rushe darasin cikin ɗan lokaci da kunu da ƙosai da soye-soye da lemon kwalba, har mutum ya isa sallar asham da ƙyar yake iya ruku'u.