Tseren Keke Cikin Taɓo, Da Masu Riƙon Bokiti

 Yau labarin wani wasa na kawo muku daga Yokshaya, wata jiha da ke arewacin Ingila. Wasan kuwa tseren keke ne, amma ba bisa kwalta ba. Turawa na ce da shi saikulokuros, ni kuwa tseren taɓo zan riƙa ce masa, don in kun ji yadda a ke yinsa za ku yarda sunan ya dace. Kada wata ta ce ina ruwan uwargida da tseren keke. Ki dai yi haƙuri ki karanta, za ki tarad da kanki a ciki, tsaye da bokiti.

Ga yadda a ke yi. A kan sami fili mai ciyawa da tudu da gangare, ko filin makaranta, ko makiyayar wani manomi, a kafa turaku a ja igiya, a fid da hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe wadda ta kai mil ɗaya da rabi ko biyu. Ita za a yi ta kewayawa har lokacin da aka yanka ya cika, manya kamar sa'a guda, yara ƙanana minti 10 ko 15. A kan gitta katako a hanya, tsayinsa ba ya wuce santimita 40, watau bai cika kamu ɗaya ba. In mai tsere ya iso nan, ko ya iso tudun da ba ya hawuwa, sai ya diro, ya saɓa keken a kafaɗa, ya sheƙa da gudu, sa'an nan ya sake ɗarewa sirdi ba tare da ya tsaya ba. Ga shi kuma da hunturu a ke yi, daga Satumba zuwa Janairu ko Fabrairu. Hunturunsu ba irin namu ba ne mai ƙura da bushewar leɓe. Nasu da ruwa ya ke zuwa, wani lokaci da dusar ƙanƙara, ƙasa ta jiƙe sharaf ta yi wata da watanni ba ta bushe ba.

Asalin wasan daga Faransa ne. Wani soja, Daniel Gousseau, shi ya shirya gasar ƙasarsu ta farko a 1902, aka kuma yi gasar duniya ta farko a Paris a 1950. A Beljiyam da Holan akwai waɗanda wannan ce sana'arsu, da ita su ke ci su ke sha. Ba su ne abin zancenmu ba yau. Namu su ne 'yan sha'awa, waɗanda ba wanda ke biyansu ko anini, su ne ma ke biyan kuɗin shiga daga aljihunsu. A kulob irin na garuruwan Yokshaya za ku sami malamar makaranta, da nas, da mai gyaran famfo, da tsoho mai furfura, da yarinya 'yar shekara 8 wadda hular kwano ta kusa rufe mata ido. Ran Litinin kowa na wurin aikinsa. Ran Lahadi sai su sa riga iri ɗaya su tafi su yi birgima cikin laka.

Shekarar wasan ta kan buɗe da babbar wahala. Ƙarshen Satumba a kan yi wani tsere da su ke kira na Duwatsu Uku, mil 38, wanda ya bi ta kan Ingleborough da Whernside da Pen-y-ghent. Mafi tsawonsu, Whernside, ya kai mita 736. Wani mutum John Rawnsley, ɗan wani kulob na Buradfod, shi ya fara shirya shi a 1961, shi ne kuma ya ci a wannan shekara. Akwai wurin da tsananin miƙewar dutsen ya kan sa mutum ya riƙe keke da hannu ɗaya, ya kama wayar shinge da ɗayan yana jan jiki. Dole kowa ya ɗauki usur da wata babbar jakar leda da zai shige ciki in sanyi ya kama shi a bisa. Gwanaye su kan gama cikin kamar sa'a 3, na baya kuwa sai wajen ninkin haka. Da ya ke hanyar ta ratsa makiyayar mutane, a 2001 da 2007 ba a yi tseren ba, saboda ciwon baki da kofato da ya faɗa wa dabbobi a Ingila. Ba kowa a kulob ke shiga wannan ba. Saura su kan tsaya a gindin duwatsu da gorar ruwa da taya ta canji, suna jiran nasu ya sauko.

Daga nan sai tseren mako-mako. Ko wane kulob da ranar da zai karɓi baƙi, kuma 'yan kulob ɗin su ne 'yan ƙodago. Tun ran Asabar ko da asubar Lahadi su ke fita kafa turaku, wasu su zauna teburin rubuta suna, wasu su tsaya a kwana da tuta, wasu su dafa shayi. Ko wane tsere ana ba da maki, a tara har ƙarshen shekara. Abin da ya fi ba ni sha'awa a nan shi ne ba a korar na baya. Ko na gaba ya kewayo ya wuce ki sau biyu, ki ci gaba da naki, in ya gama ke ma ki ƙarasa kewayenki a rubuta sunanki. Saboda haka kowa da abokin karawarsa. Matar da ta zo ta 20 ba ta damu da ta ɗaya ba, hankalinta na kan ta 19, wadda ta tsere mata makon jiya.

Cikin Oktoba abin da sauƙi, ciyawa na nan, keke na gudu. Nuwamba na shiga sai labari ya sake. A Disamba rana kan faɗi tun kafin ƙarfe 4, fili kuwa, bayan ɗaruruwan tayoyi sun bi ta kansa, ya koma kamar kwaɓaɓɓiyar ƙasar gini. Laka ta haɗu da ciyawa ta cushe tsakanin taya da ƙarfe, ta naɗe sarƙa, ta toshe giya, har keken ya ƙi juyawa ko wani ƙarfe ya karye. Don haka mai hali ya kan zo da keke biyu. A gefen hanya akwai wani wuri da aka keɓe don canji. Mai tsere ya shigo a guje, ya saki mai datti, ya cafke mai tsabta, ya wuce. Wanda ya karɓi mai dattin yana da 'yan mintoci kaɗan, kafin a kewayo, ya kai shi wurin ruwa, ya wanke, ya duba birki, ya ɗiga mai a sarƙa, ya komo ya tsaya riƙe da sirdi. Masu kuɗi na da injin fesa ruwa. Marasa shi sai bokiti da buroshi, da ruwan da suka ɗauko a jarka tun daga gida.

To, wa ke wannan aiki? A wurin 'yan sana'a, makanikai ne da a ke biya. A wurin 'yan sha'awa kuwa sai na gida: uba, ko miji, ko ƙane, sau da yawa kuma uwa ko mata. Mai tsere ko ba komi jikinsa ya ɗau zafi. Mai wanki kuwa a tsaye ta ke wuri ɗaya, ƙafa cikin laka, hannu cikin ruwa mai sanyin ƙanƙara, har yatsu su ƙage ta kasa kwance kusa. In ta yi jinkirin rabin minti, wahalar sa'a guda ta tashi a banza. In ta yi daidai, a tafa wa wani. An koma gida kuma ba a gama ba, ga riguna da safa da takalma da sai an ɗauraye su a waje tukuna, in ba haka ba yashi ya ɓata injin wanki. Ni dai a ganina takardar makin nan da a ke fitarwa ko wane mako ba ta cika ba. Kamata ya yi kusa da sunan ko wane mai tsere a bar gurbi a rubuta wanda ya riƙe masa bokiti.

An daɗe kuwa mata ba su da wani wuri a wasan sai wannan. Tseren Duwatsu Uku sai a 1979 mata suka fara shiga. Gasar duniya da maza suka fara a 1950, ba a yi ta mata ba sai a 2000, a Holan, inda wata Bajamushiya Hanka Kupfernagel ta ci. Ku lissafa, shekara 50 ke nan cur. Da aka buɗe ƙofar kuma sai ga Marianne Vos ta Holan ta ci sau 8 tsakanin 2006 da 2022. Kuɗin kyauta ma a da ba ɗaya a ke ba su da maza ba. Wata Baturiyar Ingila mai tsere, Helen Wyman, ta yi ta fama har a 2014 wani babban tsere na Koppenberg a Beljiyam ya ba mata daidai da abin da ya ba maza.

Amma kada in yi wa mazan Yokshaya rashin adalci, akwai wanda ya riƙe bokiti tun ba a saba ba. Beryl Burton matar aure ce, 'yar kulob ɗin Morley kusa da Lidis, tana aikin ƙodago a gona. Nata tseren na kan titi ne da na fage, ba na taɓo ba, amma ita ma 'yar sha'awa ce har ta rasu a 1996. Ta ci gasar duniya sau 7. A 1967 ta yi mil 277 da 'yan kai cikin sa'a 12, abin da ko namiji a Ingila bai taɓa yi ba a lokacin. Mijinta Charlie shi ke gyara mata keke, shi ke kai ta wurin tsere, shi ke riƙe da 'yarsu Denise a bakin hanya. Bai rage shi da komi ba, har yau kuma in an ambaci sunanta a kan ambaci nasa.

Ku kuma 'yan makaranta, ga naku. Sai a 2020, a Suwizalan, aka fara gasar duniya ta 'yan mata masu shekara 17 da 18. Shekara 4 bayan haka wata yarinya Cat Ferguson, 'yar Sikipton, wani gari da ba shi da nisa da duwatsun nan uku, ta zo ta biyu a duniya. Irin waɗannan ba daga sama su ke faɗowa ba. Daga tseren minti 10 na ran Lahadi su ke farawa, su faɗi, su tashi da laka har cikin haƙora, uwa na gefen igiya tana kiran suna. Ran Litinin kuma ga aikin gida da malama ke jira, don ba a ɗauke wa kowa lissafi saboda ya yi tsere. Yanzu a fili ɗaya za ku ga uwa ta wanke wa 'yarta keke da safe, da rana kuma 'yar ta ɗauki buroshi ta tsaya wa uwar.

Cikin Janairu a kan yi gasar ƙasa, inda ɗan kulob ya kan sami kansa a layi ɗaya da gwanayen da ya saba gani a talabijin, ko da ya ke da an busa usur ba ya ƙara ganin ko bayansu. Zuwa lokacin nan kulob ya ragu. Wani mura ta kwantar da shi, wata ta gurɗe, wani kuɗin gyara ya gagare shi. Waɗanda suka jure su kan yi tsere na ƙarshe, a tattara maki, a taru a wani zaure a sha shayi a raba kofuna, waɗansu kofunan ma aro ne, baɗi za a mayar a ba wani. Sai a tuge turaku a ɗaure su dami-dami, a nannaɗe igiya, a je a ba mai fili haƙuri kan ciyawarsa, wadda ba za ta farfaɗo ba sai bazararsu. A gida kuma a kwance keken gaba ɗaya, a zubar da sarƙar da yashi ya cinye, a sa giris, a auna yarinya a ga ko ƙafarta ta fi ƙarfin keken bana, in ta fi a fara cigiyar wanda zai saya kafin Satumba.