Canza wa Yaro Makaranta Yana Aji Shida: Gyara Ne Ko Ɓarna?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari suka saurara ba.

Maganar yau daga gidanmu ta taso. A watan Janairun bara, ana cikin zango na biyu na karatu, yayata da ke aure a wani ƙauye ta wajen Lolo ta kira ni da dare. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Auta, ina so ka samo wa ɗiyarka makarantar kuɗi a Birnin Kebbi. Tunkiyata zan sayar." Yarinyar tana aji shida, shekararta goma sha ɗaya, jarrabawar shiga sakandare saura 'yan watanni. Maƙwabciyarsu ta riga ta tura nata ɗan birni, shi ne hankalin Yaya ya tashi. Ga kuma maigidanta ya ce in yarinya ba ta ci ba, to ta zauna gida. Duk wanda ya tashi a yankinmu ya san abin da "ta zauna gida" ke nufi ga yarinya mai wannan shekaru.

Na ce, "Yaya, ki bar tunkiyar nan tukuna. Ina nan tafe ranar Asabar."

Kafin in gaya muku abin da na tarar, bari mu warware wani ruɗani, don iyaye da yawa suna jin kwaman entarans kamar abu ɗaya ne. Akwai wadda hukumar NECO ke shiryawa, ita ce ta shiga makarantun gwamnatin tarayya. A nan Kebbi muna da irinsu a Birnin Yauri, da ta 'yan mata a Gwandu. A cikinta ana tambayar Lissafi, Turanci, kimiyya, darasin zamantakewa, sai tambayoyin gwada kaifin basira. Duk da Turanci ake yin su, yaro ya zaɓi amsa ya cike da fensir. Shiga ƙaramar sakandare ta jiha kuwa hanyarta daban. Kuma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne. Ma'ana, yaron da bai samu gurbi a makarantar tarayya ba, karatunsa bai ƙare ba. Wannan shi ne abu na farko da na faɗa wa mijin Yaya, cikin ladabi.

To, ranar Asabar na je. Ban fara da makaranta ba, da yarinyar na fara. Na ɗauki littafin Turanci na aji huɗu, ba ma na shida ba, na ce ta karanta min sakin layi ɗaya. Ta karanta tiryan-tiryan, har Yaya tana murmushi. Sai na ce, "To faɗa min da Hausa, me aka ce a nan?" Shiru. Can ta ce, "Kawu, mu dai karantawa ake sa mu." Na koma Lissafi. Na ce ta raba 84 gida 7, nan take ta ba ni 12. Yarinyar da ke canjin naira da sefa a ka wurin talla, ai lissafi ba zai ba ta tsoro ba. Amma da na rubuta mata wannan lissafin a cikin jimlar Turanci, sai ta tsaya tana kallon takarda.

Kun ga inda ciwon yake? Kanta lafiya lau. Fahimtar Turanci ce babu.

Ranar Litinin na je makarantarsu ba tare da na sanar ba. Na tarar da malamin aji shida yana cikin aji yana koyarwa, yara cike har ƙasa. Na roƙi hedimasta ya nuna min rajista. Jama'a, a nan jikina ya yi sanyi. Kusan kowane mako akwai ranar da ba ta zo ba, ranar kasuwa ke nan. Lokacin yankan shinkafa kuwa sai da ta yi mako biyu cur ba a gan ta ba. Mu muna zagin makaranta, ashe rabin laifin yana tsakar gidanmu.

Shi ya sa nake cewa, kafin ka ɗauke yaro, ka amsa tambaya uku.

Ta farko: me yaron ya iya, me bai iya ba? Kada ka dogara da cewa ya zo na uku a aji. Na uku a cikin su wa? Gwada shi da kanka kamar yadda na yi. In ba ka yi boko ba, nemi wani ɗan unguwa da ya yi, minti ashirin ya isa.

Ta biyu: ana koyarwa a inda yake? Buɗe littattafan rubutunsa ka duba kwanan wata. Yaushe rabon da jan biron malami ya taɓa su? Je makarantar da ƙarfe sha ɗaya na safe a ranar da ba su zaci zuwanka ba. Ka duba rajista, ko da abin da za ka gani zai ba ka kunya.

Ta uku: sabuwar makarantar da me ta fi? Fenti da kayan makaranta masu kyau da motar ɗaukar yara ba su ne karatu ba. Akwai makarantun kuɗi masu ƙoƙari sosai, akwai kuma waɗanda haddar tambayoyin baya kawai suke ɗura wa yara. Ka yi wa ɗan aji shida na can irin gwajin da ka yi wa naka. In shi ma ya kasa fassara abin da ya karanta, to kuɗinka kawai za ka ƙona.

Sannan canji kansa yana da tsada, ba ta kuɗi kaɗai ba. Yaron da aka kai sabon aji a tsakiyar shekara sai ya ɗauki makonni yana koyon muryar malami, yana neman abokai, yana gano inda aka tsaya a kowane darasi. Wataƙila abin da suka wuce shi bai yi ba, abin da ya yi kuma su yanzu za su fara. In gidan dangi aka kai shi a birni, ga kewar uwa, ga aikace-aikacen gidan mutane. Wata huɗu ne a hannunka, biyu sun tafi wurin sabo. Ga kuma batun rajistar jarrabawa: in tsohuwar makaranta ta riga ta sa sunansa, ko sabuwar ta rufe nata, sai yaro ya zama jemage, ba ya can ba ya nan.

Mu 'yan bakin iyaka kuma muna da wani ƙarin lamari da ɗan Kano ko Zariya ba ya fama da shi. Daga Tsamiya ka tsallaka kana hanyar Segbana, daga Lolo kana kallon ɓangaren Malanbil. Aure da kasuwa sun haɗa mu, yara suna zama nan suna zama can. A Jamhuriyar Benin ma firamare shekara shida ce, daga CI zuwa CM2, a rufe da jarrabawar CEP, amma da Faransanci ake komai. Wani ɗan ɗan'uwanmu ya gama CM1 a can, aka dawo da shi, aka ce ai shekara biyar ya yi, sai a sa shi aji shida. Yaro mai ƙoƙari, rubutunsa kamar na inji, amma ya zauna zango guda bai buɗe baki ba, har yara suka fara yi masa dariya. Sai da aka mayar da shi aji huɗu ya farfaɗo. Uban ya ji zafin shekara biyun nan, amma yau yaron yana jin Turanci yana jin Faransanci, ga Hausa ga Dandanci. Shawarata, in yaro ya kai CM2, a bar shi ya karɓi takardarsa ta CEP tukuna. In kuma za a dawo da shi, harshe za a duba wurin zaɓen aji, ba tsawonsa ba. Kuma duk wanda ya tuna rufe iyakoki na watan Agustan 2019 ya san karatun da ya dogara da tsallake iyaka kullum yana iya tsayawa dare ɗaya.

Kada wani ya ce na ce haramun ne canza makaranta. Akwai lokacin da zama shi ne kuskure. In ajin ba shi da malami kwata-kwata, an yi magana da hedimasta, an je ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, shiru. In ana cin zarafin yaro ko ana dukansa har ya tsani makaranta. In hanyar ba ta da aminci, ko sai ya shiga kwalekwale lokacin da Kwara ta cika. A irin wannan, ko saura mako uku ne ka ɗauke shi, rai ya fi jarrabawa. Tun abin da ya faru a Birnin Yauri ranar 17 ga Yuni 2021, babu mai ganin laifin uban da ya sa tsaro a gaba. Amma in neman inganci ne kawai, lokacinsa shi ne farkon shekarar karatu, a watan Satumba, yaro yana shiga aji huɗu ko biyar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuma a karɓi takardar canjin makaranta da sakamakon baya, kada a sulale da yaro kamar an sato shi.

To me muka yi da ɗiyar Yaya? Ba ta je ko'ina ba. An ajiye farantin talla har bayan jarrabawa, wannan ne ya fi wuya, don kuɗin cefane ne ya ragu. Mun samu wata matashiya mai NCE da ke zaune ba aiki, kullum bayan la'asar awa ɗaya: a karanta gajeren labari da Turanci, yarinya ta faɗe shi da Hausa, sannan ta sake faɗa da nata Turancin ko da a karye ne. Ranar Asabar a yi tambayoyin baya da agogo, ta koyi cike amsa da fensir. Abin da aka kashe bai kai rabin kuɗin tunkiya ba.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ba ta samu makarantar tarayya ba. Wata huɗu ba ya biyan bashin shekara biyar. Amma yanzu haka tana aji ɗaya a ƙaramar sakandare ta jeka-ka-dawo, kuma kwanan baya ita ta karanta wa babanta takardar asibiti ta fassara masa. Tun ranar ban sake jin maganar "ta zauna gida" ba.

Ku 'yan'uwana matasa, yawancinmu ba mu da 'ya'ya a aji shida, amma muna da ƙanne da 'ya'yan yayye, kuma mu ake kira idan an rasa yadda za a yi, don mu ne muka yi boko. Kada ka jira sai an kira ka a watan Janairu kamar yadda aka kira ni. A wannan makon, nemi wanda ke aji huɗu a gidanku, ka miƙa masa littafi, ka ce ya faɗa maka da Hausa abin da ya karanta.

Tunkiyar Yaya kuwa tana nan, har ta haifi biyu.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu zaman lafiya. Wassalamu alaikum.